Baba Rabaran, ni da na faɗi gaskiya ni aka karanta wa aya

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya hidima, yaya Mama da yara? Ina sauraron shirinka ta intanet, yawanci in ina aikin dare. Don Allah in za ka karanta wasiƙar nan kada ka kama sunana ko na garinmu, ka ce kawai wata 'yarka daga Jidda.

Baba, an kwance mini zani a kasuwa, kuma da Littafi Mai Tsarki aka yi. Tun ranar Juma'a ban yi barcin kirki ba.

Ni nas ce a wani asibitin kuɗi. Ka san a ƙasar nan babu coci ko ɗaya, don haka mu 'yan Arewa kaɗan, daga Kudancin Kaduna da Filato da Gombe, muna haɗuwa a gidan wani dattijo da matarsa, wadda muke kira Mama. Ranar Juma'a muke sujada domin hutun nan Juma'a da Asabar ne, Lahadi kowa yana bakin aiki. Ba ganga, ba tulu, ba guɗa. Bibbiyu muke shiga, takalma ma ba ma barinsu a ƙofa. Tun 2016 da aka rage wa mutawwa, wato 'yan sandan addini, ƙarfi an ɗan samu sauƙi, amma har yanzu murya ƙasa-ƙasa muke waƙa. Da a kusa da unguwar Karantina muke taruwa, cikin 'yan'uwanmu Hausawa Takari, kuma in faɗi gaskiya Musulmin nan sun san abin da muke yi, ba su taɓa tona mu ba, har abincin Sallah suna aiko mana. Da aka fara rusau a ƙarshen 2021, aka share Karantina da Sabil da Gulel, haya ta yi tsada, kowa ya watse, sai ya zama gidan Mama kaɗai ke iya ɗaukarmu. Na faɗi wannan ne don ka gane: mai gida ita ce mai magana, ba wanda ke iya ce mata a'a.

Akwai wata 'yar'uwa da ta zo aikin shagala, wato aikatau a gida. Kafilinta, wato ubangidan da ya ɗauko ta aiki, ya riƙe mata albashi na watanni, ta gudu, ya sa mata hurub, wato ya kai wa hukuma rahoton ta gudu daga aiki. Sassaucin da aka yi a 2021 na canza wurin aiki bai shafi masu aikin gida ba, saboda haka ko dai ta miƙa kanta a kai ta tarhil a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ko a nemo mata takardar tafiya a ƙaramin ofishin jakadancinmu a bi hanyar da za ta fita. Ko ta ina, kuɗi ake bukata. Muka yi karo-karo. Ni na ba da abin da ya fi na kowa, ba don a yabe ni nake faɗa ba.

Kuɗin yana hannun ma'ajinmu, wata yarinya da ni na kawo ta zumuntar. Ni na tarbe ta da ta sauka, a ɗakina ta kwana kafin a ba ta masauki, ni na kai ta kasuwar Balad ta sayi abaya, ni na koya mata 'yar Larabcin da take yi wa marasa lafiya. Anti take ce mini. Da lokacin fitar da kuɗi ya yi, sai ga shi kusan rabi babu. Wai mahaifinta ne aka kwantar, ta tura gida, za ta mayar in an yi albashi. To amma sabuwar waya fa? Da idona na gani. Yarinyar nan akwai ladabin kunama, in tana magana kanta a ƙasa, hawaye kuma ba ya yi mata wuya.

Sai na yi magana a gurup ɗinmu na WhatsApp. Saƙon murya na yi, ban zage ta ba. Na ce kuɗin Ubangiji ne, amana ce, wadda ta ci ta dawo da shi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Iyakar abin da na faɗa ke nan, in ban da wata kalma guda da suke ta riƙewa, wai na ce ɓarauniya. Cewa na yi abin ya yi kama da sata.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce ban fara yi mata magana ita kaɗai ba. A motar asibiti na yi mata hannunka mai sanda, na ce Allah ya sa asusu yana nan lafiya. Ta yi dariya. Mai hankali ai ya gane.

Ranar Juma'a ranar Jibin Ubangiji ce. Dattijo ya karanta 1 Korantiyawa 11, inda aka ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Daidai ne. Sai Mama ta karɓe, ta buɗe Matiyu 7, maganar ɗan hakin da ke idon ɗan'uwa da gungumen da ke naka idon, tana karantawa tana kallona ta saman tabarau. Ta ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ta koma Matiyu 18, cewa in ɗan'uwa ya yi laifi ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka ɗauki shaida ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai wa ikilisiya. Ta ƙara da Galatiyawa 6, a komo da wanda ya faɗi cikin ruhun tawali'u. Ba ta kama sunana ba, amma ɗaki ɗaya ne, Baba, wa za a ɓoye wa? Da faranti ya zo gabana na bar shi ya wuce. Yarinyar kuwa ta ci, ta sha, ta fashe da kuka, mata suka rungume ta. Ni ko sannu.

Ga abin da ke cina. Ita Mama da ke koya mini a tsawata a ɓoye, ni a ɓoye ta tsawata mini? Ba ta kira ni ba, ba ta zo ɗakina ba. Kuma ni ma na yi makarantar Lahadi, na yi zumuntar mata a gida. Bulus bai tsawata wa Bitrus a gaban kowa a Antakiya ba? Yana nan a Galatiyawa 2, cikin wasiƙar da ta karanto. Laifin nan ba ni kaɗai aka yi wa ba, dukanmu aka yi wa, har da baiwar Allah da ke ɓoye tana jiran tikiti.

Af, na manta. Gungumen da take nufi, na ji daga baya, wai bara ni ma na ɗauki rance a asusun lokacin da nake riƙe da shi. Wannan daban ne. Kuɗin makarantar ƙanena ne, kuma na gaya wa Mama daga baya, saura kaɗan ma in gama biya. Bayan nan ne suka ce aiki ya yi mini yawa, suka ba yarinyar asusun. Ban ji haushi ba, Allah ya sani, ko da yake ba haka ake karɓe abu daga hannun babba ba. Suna kuma cewa a cikin saƙon na ambaci sunan mai hurub ɗin da unguwar da take, saƙon ya fita waje, dole aka canza mata wuri cikin dare, tunda ɓoye mai hurub laifi ne da zai iya jawo tara da ɗauri da kora. Ni na tura shi waje? A nemi wadda ta tura shi mana.

Na yi ƙoƙarin gwada kaina kamar yadda aka ce. Na durƙusa da ƙarshen Zabura 139, na roƙi Allah ya bincike ni ya nuna mini in akwai muguwar hanya a cikina. Fushi nake tararwa, kuma a ganina fushin gaskiya ne. Amma da na rufe ido sai in ga fuskar yarinyar tana kuka, sai addu'ar ta tsaya. Yaya mutum zai bincika zuciyarsa alhali waɗanda suka ce ya bincika sun riga sun yanke hukunci? Akwai wata hanya da ake bambanta kishin gidan Allah da ɗacin rai?

Na yi tunanin in kira uwar yarinyar a gida in ji ko da gaske mijinta yana asibiti, ko in gaya wa fastonsu. Na kuma yi tunanin in bar su in koma sujadar 'yan Filifin da muke aiki tare, amma da Turanci suke yi, ni kuwa addu'ata da Hausa take fita. Ista ta kusa, za a sake yin Jibi, kuma ba zan iya sake barin faranti ya wuce ana kallona ba. Mijina yana gida, ban gaya masa ba, na san zai ce bakina ne.

Yanzu da nake rubutun nan Mama ta turo saƙo, wai in zo ranar Alhamis da dare ta tuƙa tuwo, yarinyar ma za ta zo. Ba ta ce yi haƙuri ba. In je, Baba? In na je kuma, wa ya kamata ya fara buɗe baki, ni ko su?

'Yarka cikin Almasihu,
daga Jidda