Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Tallafa wa Masu Ciwon Daji, Tawa

Assalamu alaikum, iyayenmu da ƴan uwa mambobi. Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da abin da aka yi da gudummawarku a shekarar da ta ƙare.

Mafi yawan kuɗinmu hanya ce ta ci. Babban maganin ciwon daji yana Yamai, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, inda aka buɗe sashen gashi da na'ura, wato ƙona ƙwayoyin daji da haske mai ƙarfi, a 2021 da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan, mai buƙatar gashi sai ya fita ƙasar waje. Amma daga Tawa zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 500 ce, ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Dosso, kuma shimiyo, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya, ba a yin sa sau ɗaya: a sa, a huta makonni, a koma. A tsakanin nan ne mutane ke yankewa. Tun 2007 gwamnati ta ce maganin dajin mata kyauta ne, sai dai dokar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da ɗan rakiya. Nan muka shiga: mota, masauki wajen ƴan Adar mazauna Yamai, da kiran salula don tuna wa majinyaci ranar komawa.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalinmu bana shi ne samari da ƴan mata. Sun wuce ɗakin yara, ba su kai su zauna da dattawa ba, kuma damuwarsu daban ce. Yarinyar da gashinta ya zube ta fi tsoron idon ƙawayenta a kan allura. Saurayin da aka ce za a yanke wa ƙafa saboda dajin ƙashi, tambayarsa ta farko ita ce wa za ta aure shi. Maganar haihuwa kuwa, kunya ba ta bari a yi ta gaban uwa ko uba, alhali wasu magungunan suna taɓa ta. Muka roƙi likitoci su riƙa ba su ƴan mintoci su kaɗai, muka kuma buɗe musu zauren WhatsApp, maza daban, mata daban. Malaman lakwal daga cikinmu sun riƙa kai darasi gida ga masu shirin jarrabawar BEPC da Bak. A ganinmu wannan ya fi buhun shinkafa tasiri, ko da yake shinkafar ce ake gani a hoto.

Mun yi faɗakarwa ranar 4 ga Fabrairu da cikin watan Oktoba a kan dajin nono da na bakin mahaifa. Limaman da muka zanta da su sun taimaka ƙwarai wajen cewa ciwon ba jifa ba ne, kuma rubutu da addu'a ba su hana zuwa likita.

Mun rasa wasu daga cikin waɗanda muke jinya. Allah Ya jiƙansu. Ziyarar masu fama da zafin ciwo a ƙauyuka ta yi ƙaranci, musamman da damina.

Gudummawar ƴan cin rani daga Abijan ce ta riƙe asusu lokacin da na gida ya ja baya. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla a babban taro, inda za a tattauna batun kama hayar ɗaki na dindindin a Yamai. Wanda bai biya kuɗin wata ba, ya zo da shi.