Rahoton Kwamitin Gyaran Magudanar Ruwa na Unguwarmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da 'yan'uwa mazauna nesa da suka turo gudummawa. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, kuma damina guda ta gwada shi. Ga bayanin abin da aka yi.

Kowa ya san halin da muke shiga duk watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a Zariya: lambatu ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi lungu ya shiga zaure, katangar ƙasa ta jiƙe tun daga gindi har ta kwanta. Da muka zauna zaman farko, bakinmu ɗaya, a faɗaɗa kwata a huta. Wani ɗan unguwar nan da ya karanta aikin injiniyan ruwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru shi ya taka mana birki. Ya ce mu fara tambayar kanmu inda ruwan yake zuwa a da.

Dattawa suka ba da amsa ba tare da dogon tunani ba: kududdufi. Duk ginin ƙasar da ke cikin ganuwa, daga ramukan nan aka haƙo ƙasarsa, su kuma ramukan suka zama matattarar ruwan sama. Ruwa ya zauna a ciki, ƙasa ta sha wani, saura ya gangara a hankali ya nufi Kubanni, daga can ya faɗa Galma. Yau an cike yawancinsu da shara an yi gini a kai. Soron ƙasa ya koma kwano, tsakar gida ta koma daɓen siminti. Injiniyan nan ya yi mana lissafi a kan allo: ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, zai zubo lita 5,000, wato duro 25, kusan duka a lokaci guda. A ninka wannan da yawan gidajen layinmu. Garin da ke samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, ba kwatar da za ta iya ɗaukar wannan ita kaɗai. In ma ta ɗauka, maƙwabtanmu na gangare muka tura wa.

Saboda haka aikin ya kasu, kuma wanda ya fi ba mu wuya ba shi ne na siminti ba. Kududdufi ɗaya ya rage mana, shi ma an ci rabinsa. Sai da Mai Unguwa ya sa baki aka dakatar da mai shirin cike sauran. Matasa suka yi gayya suka kwashe shara da diga da shebur da baro, aka jera dutse a gefensa don kada ya zabtare, aka kewaye shi da waya saboda yara. An yi masa mafita daga sama, yadda sai ya cika kafin ya saki ruwa cikin babbar kwata. Masu tsoron sauro suna da gaskiya, mu ma mun ji tsoron; amma mun lura ruwan da ke kwance cikin toshasshen lambatu a ƙofar gida ya fi kusa da ɗakunan kwananmu.

Kwatar kanta an rushe inda ta karye, aka sake zuba ta da kankare da rodi, aka daidaita gangarenta, domin da akwai wurin da ruwa ke komawa baya. An canza kwalbatin bakin titi da mai faɗi, aka sa raga a bakinsa don tare leda. Harabar masallaci kuwa, maimakon daɓe, intalok aka shimfiɗa a kan yashi da tsakuwa, ruwa na bi ta tsakanin bulo ya nutse. Gidajen da suka yarda an haƙa musu rami an cika da tsakuwa a ƙarƙashin indararo, nesa da rijiya da masai da gindin katanga.

Mun yi kuskure ɗaya. Bulon farko da muka saya, don neman sauƙi, yashi ya fi siminti yawa. Ruwan farko ya marmashe shi, sai da aka sake sayen wani. Asarar tana cikin takardar kuɗi da ma'aji ya liƙa a allon masallaci, tare da sunayen masu gudummawa da rasit na kowane buhu. Mai tambaya ya same shi bayan La'asar.

Bana ruwa bai shiga zauren kowa a babban layi ba, alhamdulillahi. Lungun bayan makarantar allo har yanzu yana kwanciyar ruwa, kuɗi ne bai kai can ba. Ragar kwalbati kuma tana toshewa da ledar fiya wata duk bayan ruwa mai ƙarfi, don haka mun raba kwanakin yashewa gida-gida, za a fara kafin ruwan farko na watan Mayu. Jadawalin yana hannun Mai Unguwa.

Sakatare, a madadin kwamiti.