Rahoton Ayyukan Shekara: Gyaran Mazuban Ruwan Kaji na Ƙarfe

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi masu kiwon kaji a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Ikorodu.

A bana kwamitin gudanarwa ya fi ba da ƙarfi ga matsalar yoyon mazuban ruwa na ƙarfe, domin ita ce koken da ya fi yawa a tarukanmu tun saukar damina a watan Afrilu, musamman a Yuni da Yuli lokacin da laima ta Legas take hana komai bushewa. Ruwan da ya tsiyaya yakan jiƙa dusar katakon da aka shimfiɗa, ɗaki ya ɗauki zarni mai yaji a ido, sannan zawon jini ya samu hanyar shiga tsakanin 'yan tsaki.

Abin da zagayenmu na gidajen gona ya nuna shi ne, da yawa daga cikin mazuban da ake cewa sun huje ba su huje daga ƙasa ba. Mazubi mai bango biyu, wato tulun ciki da murfin da yake rufe shi har ƙasa, rashin shigar iska ta sama ne yake riƙe ruwansa, saboda haka idan iska ta sami ƙofar shiga ta sama, ko ta ɗinkin murfi, ko ta gindin mariƙi, sai ruwa ya yi ta sauka har ya cika faranti ya malala. Haka nan idan an ajiye shi a karkace. Shi ya sa muka koyar da cewa a fara ɗora shi a kan bulo mai daidai, in bai daina ba a kifa murfin cikin baho cike da ruwa a danna, a lura da inda kumfa take fitowa, a yi wa wurin alama kafin a nemi mai gyara.

Inda tsatsa ce ta ci, galibi a ɗinkin ƙasa ake samunta. Mun ja hankalin masu zuba ruwan kal domin lafiyar kaji cewa tsaminsa yana cinye zinkin da aka shafe ƙarfen mazubin da shi domin hana tsatsa, kuma narkakken zinkin yana iya cutar da kajin. Mai son yin haka ya yi amfani da mazubin roba. Mambobinmu da suke kusa da bakin ruwa su ne suka fi shan wahalar tsatsa, saboda gishirin da yake cikin iska.

Game da gyara kuwa, kwamiti ya tsaya a kan cewa kada a liƙe mazubi da dalma, ko da ita ce ta fi arha a wurin masu gyaran bokiti, domin guba ce da take taruwa a jikin kaza har ta kai ga ƙwai. Ƙaramar huda a kankare ta da sanfefa, a bari ta bushe sarai, a toshe da gam mai haɗi biyu wanda aka rubuta cewa ya dace da ruwan sha, kuma a cika lokacin da aka ƙayyade kafin a zuba ruwa. Walda ba ta cika dacewa da ƙarfe marar kauri ba, hayaƙinta a kan zinki kuma yana sa mai aikin zazzaɓi. Mazubin da gindinsa ya rube a ra'ayinmu sai dai a canza shi.

A baɗi, in Allah ya kai mu, za a maimaita horon kafin damina, kuma muna roƙon kowa ya zo da mazubinsa mai yoyo domin a gwada shi a gaban jama'a.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.