Zuwa ga Sabo, daga Samaru

Assalamu alaikum, mutumina Sabo.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Shirun ya yi yawa, tun babbar salla ko ɗuriyarka ban ji ba. Bakano ya faɗa kasuwar goro a Kumasi, ai sai addu'a. Dama abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kuɗin filin nan: in ba Kawu Isa, ko in riƙe har ka zo?

Amma tsaya ka ji labari tukuna. Na shiga wasan kwaikwayo. Wani tsohon ɗalibina da ke Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne ya ja ni gidan wasansu, ginin ƙasar nan na cikin jami'a da muke wucewa ta gabansa, wanda wani Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya zana a shekarun 1970 bisa fasalin gidajenmu masu zaure da tsakar gida. A nan suke haɗa wasannin da suke kaiwa unguwanni da ƙauyuka, kuma ba rubutu, ba hadda. Sai a kawo matsala, tsadar taki ko cire yarinya daga makaranta, a ce kai ne uba, ga ɗanka, bismilla. Kamar dai tashenmu na goma ga azumi, lokacin da kake liƙa gemun auduga kana cinye mana rabin hatsin da aka samu.

Kafin a fara, malamar da ke koya mana wasan takan zaunar da mu a tabarma, shiru, minti goma. Kowa ya bi numfashinsa, ya lura da inda jikinsa ya ɗaure. In tunani ya zo, ka gan shi, ka bar shi ya wuce. Hujjarta ita ce wanda yake ƙulla amsa a ransa ba ya jin abin da abokin wasansa ke faɗa.

To ranar Asabar aka ba ni uba, yaron kuma ya zo yana cewa ba zai gaji shago ba, ɗinki yake so. Sabo, ina buɗe baki sai muryar Baba ta fito, Allah ya jiƙansa. Har gyaran muryar, har nunin nan da carbi: "A gidan nan ba a yi mini musu." Ka san ta, ka sha jin ta daga zaure. Amma da yake na shigo da natsuwata, sai na ji ƙirjina yana bugawa, na kuma gane abin da ke ciki ba fushi ba ne, tsoro ne, tsoron kada yaron ya wulaƙanta. Na yi shiru har 'yan kallo suka fara motsi. Sai na ji na ce, "Zauna, gaya mini." Baba bai taɓa faɗa mini haka ba, ni ma ban shirya ta ba.

Tun ranar abin yake cina. Duka maganganun biyu daga bakina suka fito. A makaranta ni Malam ne, a gida Yaya Babba, a unguwa ɗan Alhaji, kowanne na iya shi. Wanda ya ce "zauna" ɗin nan ne ban saba da shi ba, kuma ina son in san shi. Na kai maganar wurin Malam bayan karatun magariba, ya ce ai magabata sun daɗe da wannan, muraƙaba da muhasaba, mutum ya tsare zuciyarsa ya kuma yi mata hisabi. Ya ce in fara da halarto da zuciya a salla. Yanzu bayan asuba ba na tashi sai rana ta fito.

Maman Walida ba ta so da farko, wai malami da furfura a dandali. Yanzu ita ke tuna mini ranar zuwa.

Af, Tanko ya ƙara aure, 'yar Giwa ce, an ci tuwo har ya yi saura. Bala mai shayi ya koma bakin tasha, kuma har gobe yana lissafa bashinka na ƙwai. Masara ta yi kyau bana. In za ka aiko da goro, ka haɗa da fari saboda Inna. Ka gai da Hajara da yara, ka kuma rubuto, ko layi biyu ne.

Naka,
Aminu