Rahoton ayyukan shekarar 2024 zuwa ga mambobin ƙungiyarmu ta Harobanda, Yamai, mai aikin kare unguwa daga ambaliya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Da maganar kuɗi zan fara, tunda kowace shekara idan aka bar ta ƙarshe sai a tarar rabin jama'a sun sulale. Sunaye 84 ke cikin rajista, kuɗin wata kuma dala ɗari ne (sefa 500) kamar yadda kuka yanke da bakinku. Da kowa ya biya, da jika 504 ta shigo asusu (jika ɗaya sefa 1,000 ce). Abin da ya shigo jika 187 ne, kuma mutum 23 kaɗai suka cika wata goma sha biyu. An kashe jika 60 a kuɗin intanet da saƙonnin SMS, jika 45 a ranar taswira, jika 38 a kayan na'urar auna ruwa. Saura jika 44 a hannun ma'aji, takardun shaidar sayayya suna nan ga mai son dubawa. Duk wanda zai tambayi dalilin da ya sa wani aiki ya tsaya, ya fara duba layin sunansa a littafi.

An yi taron wata sau tara, uku sun faɗi don ba a cika adadi ba.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne ranar taswira da muka yi a watan Yuni, kafin damina ta kankama. Matasa 31 suka fito, har da ƴan mata tara da ƴan fada (majalisar hirar matasa) biyu waɗanda ba ma mambobi ba ne. An raba su ƙungiya takwas, kowace da salula ɗaya mai manhajar KoboCollect. Amfanin wannan manhaja shi ne ba ta buƙatar rezo (sabis ɗin waya) lokacin aiki: a cika fam a waya, da yamma a tura gaba ɗaya. Tambayoyi shida kawai muka sa: wane irin wuri ne, magudanar ruwansa a buɗe take ko a toshe, me ya toshe ta, iyakar inda ruwa ya kai a jikin bango a 2020, mota na iya shiga ko a'a, sai hoto. An gargaɗi kowa kada ya adana wuri sai kuskuren GPS ya sauko ƙasa da mita 5, domin wanda ya yi gaggawa sai ya jefa rijiyar lakwal (makaranta) cikin gidan maƙwabci. An kuma rage girman hotuna tun a cikin fam, in ba haka ba forfe ɗin wata (kuɗin intanet na salula) ya ƙare a yini ɗaya.

Tambaya ta huɗu ce ta fi ba mu abin mamaki. Tsofaffin unguwa ba su manta Satumban 2020 ba, lokacin da kogin Isa ya kai kusan santimita 700 a ma'aunin Yamai, shingen tare kogi na unguwar Lamorde ya ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin Karadje da Kirkisoye. A bakin kasuwa wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta ajiye farantinta, ta ja yaran zuwa bangon masallaci, ta ɗora yatsa a kan layin da gishirin ruwa ya bari har yau, ta ce: «Ɗana, auna nan, kada ka rubuta ƙarya.» Aka auna da mita, aka rubuta. Da irin waɗannan alamomi muka gane cewa filin ƙwallo da kowa ke kira mafaka yana cikin kwari, filin idi da harabar lakwal ne ke kan tudu. Wannan kaɗai ya biya wahalar ranar.

Zuwa magariba an tara wurare 212. An ɗora su kan taswirar intanet ta OpenStreetMap, aka buga manyan takardu huɗu, ja ga magudanar da ta toshe, kore ga wurin da za a iya tara jama'a. Ɗaya tana wurin mai unguwa, ɗaya a lakwal, ɗaya a rumfar sarkin kasuwa, ɗaya a ofis. Mun buga a takarda ne da gangan, don ranar da ruwa ya zo wuta ce ke fara tafiya, salula ta bi bayanta. Asabar ɗin da ta biyo aka yi gayya da shebur da baro, aka yashe magudanu 17 daga cikin jajayen, mafi yawa leda ce da yashi. Mata sun kawo fura da kopto ba wanda ya roƙe su. Allah ya saka wa kowa da alheri. Daminar bana kun ga irin ambaliyar da ta kawo a ƙasar nan, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, amma layin kasuwa bai kwana da ruwa ba ko sau ɗaya.

Zauren faɗakarwa na WhatsApp ya yi aiki, bayan mun rufe shi ya zama mutum huɗu kaɗai ke iya turawa. Kafin haka hotunan barka da Juma'a da bidiyon ambaliyar wasu ƙasashe sun binne sanarwar gaske. Ƙa'idar yanzu: saƙon murya, bai wuce daƙiƙa 30 ba, sau ɗaya da Hausa sau ɗaya da Zabarmanci, a faɗi tsayin kogi, a faɗi inda aka samo shi, a faɗi abin da za a yi. Tsayin kogi santimita 580 gargaɗi ne mai launin ruwan goro, 620 ja ne, kuma ba ma faɗar adadin da ba daga hukuma ya fito ba. Ga masu ƙaramar salula ana tura SMS. A nan mun yi asarar kuɗi kafin mu gane dalili: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama uku. Yanzu a SMS ba ma sa lanƙwasa. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, muna maimaita ta a ƙarshen kowane saƙo.

Sai rumfar cajin salula ta harabar lakwal, wadda aka kafa bayan Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023. Na ji ana cewa ta mutu saboda sakacin kwamiti. Ga lissafin, kowa ya yi hukunci. Panno biyu ne na hasken rana masu wat 300, da batir ɗaya na bolt 12, amfiya-awa 200. Irin wannan batir rabinsa kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, wato abin da zai cika salula kamar 60 a dare. Zafi kuma maƙiyinsa ne: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, namu kuwa cikin akwatin ƙarfe yake a Afrilun Yamai. A kan haka wasu suka riƙa jona fanka, har an kama wani da firji. Jadawalin goge ƙurar panno sau biyu a mako, sunaye goma sha biyu ke kansa, mutum biyu ke zuwa. Batir ya kumbura a watan Mayu. Da rana rumfar tana aiki, da dare babu. Jika 44 ba ta sayen sabo. In an samu kuɗi, shawarar masu fasaha ita ce a cire inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, gaba ɗaya, a bar ramukan USB kai tsaye daga bolt 12, ta yadda ba inda mai firji zai soka filoginsa, a kuma mayar da batir ɗakin ƙasa mai iska.

Na'urar auna ruwa da muka yi alkawari bara ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma ba za mu ɓoye ba. An harhaɗa ta: allon ESP32 (ƴar ƙaramar kwamfuta), ma'auni mai jure ruwa da ke auna nisan ruwa da sauti, da SIM800L mai tura saƙo. Matsala ta farko, SIM800L yana fizgar wuta har amfiya 2 lokacin da yake neman rezo, sai allon ya mutu ya tashi, ya mutu ya tashi. An gyara da babban kondansato (ƴar na'urar da ke tara wuta) da waya mai kauri. Ta biyu, gudun sauti yana canjawa da zafin iska, tsakanin asuba da azahar ma'aunin kan yi kuskuren kusan santimita 10 a tazarar mita 3, dole a ƙara ma'aunin zafi. Ta uku, zanzaro ya yi gini a bakinsa, na'ura ta kwana tana cewa ruwa ya cika alhali magudana a bushe. Sannan layin wayar da ke ciki ya rufe don ba a sa masa kuɗi ba wata uku, kun san dalili. Takardar neman izinin kafa ta a jikin gadar babbar magudana kuma tana ofishin da aka kai ta, mun koma sau huɗu. Kafin nan mun kafa sanda mai fenti, kowane santimita 10 da launinsa, mai gadin lakwal yana ɗaukar hotonta safe da yamma. Ita ce ta yi mana daminar.

Kada kuma a ɗauka an gama da kogi. Jan ruwan Agusta da Satumba na Sirba da Dargol da Gorouol ne, ƙananan koguna masu zuba a cikinsa. Ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gini yana isowa ne tsakanin Disamba da Fabrairu, yanzu ke nan, kuma forfe ɗin masu tura sanarwa zai ƙare ƙarshen Janairu.

Akwai mambobin da ba mu ga ƙeyarsu ba tun ranar rabon riguna, amma su ne na farko wajen rubuta «ina aka kwana?» a zaure. Ma'aji ya gaji da buga ƙofa, ni ma haka. Babban taro yana nan Asabar ta biyu ta Janairu bayan la'asar a harabar lakwal. Za a yanke shawara kan batir, kan mambobin da bashinsu ya haura wata shida, da kan wanda zai karɓi wannan littafi daga hannuna. Mai bashi ya zo da kuɗinsa, ko ya tura wa ma'aji ta salula kafin ranar.

Magatakardan ƙungiya
Harobanda, Yamai