Kafin a sauke giyabos, a duba kuloci

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi kira ga 'yan uwana masu tsofaffin motoci masu giyar hannu. Abin yana damuna ƙwarai: da giya ta fara gardama, sai a ce a sauke giyabos, alhali sau da yawa kuloci ne bai gama sakin inji ba.

Gwajin ba wuya. Kashe mota, ka sa giya. In ta shiga lafiya, amma da ka tayar da inji ta ƙi, ko ribas ya yi ƙara, to kuloci ne. Ribas ne ke fara tona asiri, domin a yawancin tsofaffin motoci ba shi da zoben da ke daidaita gudun haƙora.

A fara da mai sauƙi. In kulocin na mai ne, duba ko man ya ragu, ka leƙa bayan fedar kuloci ko akwai yoyo. In ka tattaka feda sannan giya ta shiga, iska ce ta shiga layi ko robar masta, wato famfon da feda ke turawa ya tura man, ta gaji, kuma gyaransu bai kai ga sauke giyabos ba. In kulocin na waya ne kuwa, wayar kan miƙe, sai a ɗaure ta.

Sai duk wannan ya gaza za a sauke giyabos a buɗe kuloci. Can ana iya samun faifan ya lanƙwashe, ko tsatsa ta manne shi bayan doguwar ajiya.

Don Allah direbobi, ku daina danna giya da ƙarfi, haƙoranta kuke ci.

Naku,
Wani tsohon direba