Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya caje ni kuɗin tankin da bai canza ba

Zuwa ga Manajan sashen gyaran motoci,

Assalamu alaikum. Jiya Talata da ƙarfe 4:20 na yamma na kira ku karo na bakwai, aka yi sa'a wani ya ɗauka. Na karanto lambar fatura, na fara bayani ke nan sai ma'aikacinku ya katse ni: "Ya Hajj, ruwa ne fa, ba fetur ba. Ka riƙa ɗurawa kullum da safe." Na ji dariya a gefensa, sai ƙit, aka kashe waya. Tunda haka ne, bari in yi maganar a inda jama'a za su gani.

Ranar 9 ga Shawwal na kawo motata reshenku na Jidda saboda tankin ruwan wanke gilashi yana yoyo. In na cika shi da daddare, da safe sai in tarar da ƙasa a jiƙe gefen tayar gaba ta dama. Kuka ce tankin ya tsage, sai sabo. Ga faturar nan a gabana: tanki riyal 210, kuɗin aiki 120, haraji kashi 15 cikin ɗari 49.50, jimilla 379.50. Ban nemi ragi ba, don shekara shida ke nan a wurinku nake canza mai da birki.

Ba a yi kwana huɗu ba yoyo ya dawo. Na koma, aka ce mai aikin ya tafi salla. Na sake komawa, aka ce ya tafi hutu. A wani zuwan aka ce famfon da ke tura ruwan zuwa gilashi ya ƙone, na biya ɗari da wani abu. Yo ba dole ya ƙone ba? Famfon da ake ta kunnawa tanki babu ko ɗigo.

Abin da ya sa na daina ɗaukar zancen da wasa ya faru ne a hanyar Makka, daidai Bahra. Na ɗauko mahaifiyata za mu ziyarci ƙanwarta a Shari' Mansur, iska ta taso da ƙura, sai ɗan yayyafi ya biyo baya. Duk direban ƙasar nan ya san wannan haɗin, gilashi laka yake komawa. Na ja sandar ruwa, shiru. Waifa ta shafe lakar gaba ɗaya har ban ga motar gabana ba, ga tirela a bayana tana ta hon. Da ƙyar na gangara gefen titi, na wanke gilashin da ruwan shan tsohuwa, ita kuwa sai salati take yi. Har yau ga zanen da yashi ya bari a gilashin, da daddare fitilar kowace mota sai ta watse mini a ido. Wannan shi ne ruwan da ma'aikacinku ya ce ba fetur ba ne.

Makon jiya na kai motar wurin wani bakanike ɗan Sudan a Sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci. Ya cire taya, ya kwance robar da ke rufe bayanta, ya haska tocila ya ce in leƙa da kaina. Wallahi tsohon tankina ne zaune daram, ya yi rawaya, ƙurar shekaru a jikinsa, an lafta masa silikon a gindi kamar an yaɓe bango. Ya cika shi da ruwa muka zuba ido. Jikin tankin ƙalau yake, ba tsaga ko ɗaya. Ruwan yana tsattsafowa ne daga 'yar robar da famfo ke shiga cikinta a ƙasan tankin, zafi ya busar da ita ta yi tauri. Ya ce irin robar da ake yin tankin da ita ba ta riƙe gam, shi ya sa yaɓen ya saki cikin 'yan kwanaki. Ya sa sabuwar roba ta riyal 15, ya karɓi 40 na aikinsa, ko rabin awa ba mu yi ba. Yau kwana takwas ƙasan mota a bushe.

To Malam Manaja, ina tankin riyal 210 ɗin? Har wanda ya sa famfo daga baya, hannunsa ya taɓa wannan yaɓen, bai ce uffan ba.

Ina so ku mayar mini da 379.50 cif, da kuɗin famfo, tunda sakacinku ne ya ƙona shi, ku kuma ɗauki nauyin gilashin. Amma gaskiya abin ya wuce kuɗi. Da na ba da labarin a majalisarmu bayan isha'i, ba ni kaɗai ke da irinsa ba. Na lura da yadda kuke yi: baƙin mutum ya shigo, Larabcinsa da ɗan karin harshen gida, sai ku ce "Ya Hajj", ku ɗauka baƙo ne da zai hau jirgi gobe, ba zai taɓa kwance taya ya duba ba. Ni shekarata ashirin da uku a Jidda, a nan aka haifi 'ya'yana. Ku buɗe faturorin wannan reshe ku ƙirga kaya nawa aka rubuta an canza alhali suna nan a jikin motocin mutane.

Na ɗauki hoton tankin da yaɓensa, fatura tana hannuna, busasshiyar robar ma na ajiye ta a leda. Na ba ku zuwa Lahadi. In ban ji daga gare ku ba, zan kira 1900 in shigar da ƙorafi a Ma'aikatar Kasuwanci. Kuma don Allah wanda zai kira ni kada ya zama mai dariyar nan.

Wassalam,
Abokin cinikinku na shekara shida, daga Jidda